Na Sa Ya Durƙusa Ya Ba Ta Haƙuri, Sai Abin Ya Ƙara Dagulewa

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandare a nan Jos, ni ke riƙe da aji biyu, yara 46, Musulmi da Kirista. Akwai wata yarinya a ajin 'yar shekara 12 mai in'ina. Makonni uku da suka wuce na sa ta karatu, sai ta sarƙe a kan wata kalma. Wani yaro ɗan shekara 13, wanda dama shi ne mai ba aji dariya, ya kwaikwaye ta, aka kwashe da dariya. Ashe bai tsaya nan ba. Da ya koma gida ya ari wayar yayansa ya naɗi muryarsa yana kwaikwayonta, ya tura a guruf ɗin WhatsApp da 'yan ajin suka buɗe. Da labari ya zo mini raina ya ɓaci matuƙa. Na fito da shi gaban aji, na sa ya durƙusa, na ce masa marar tarbiyya, na ce sai ya ba ta haƙuri. Sai ya ce, "To sori, ki yi haƙuri in kin ji haushi," yana murmushi yana satar kallon abokansa. Aka sake dariya. Na juya wurinta na ce, "Ya ba ki haƙuri, ce kin yafe." Ta yi ta ƙoƙari, kalmar ta ƙi fita, sai hawaye. Tun ranar ba ta ƙara buɗe baki a aji ba, har ta yi fashin kwana huɗu. Mahaifin yaron ya zo ofis yana faɗa, wai na wulaƙanta masa ɗa a kan wasan yara. Mahaifiyar yarinyar ta ce in ba za mu iya ba za ta cire 'yarta. Shugaban makaranta kuma ya ce in kashe maganar kawai. Anti, ba wannan yaron kaɗai ba ne, duk ajin haka suke: "sori" a baki, gobe a maimaita. Ba na son duka. Yaya zan koya wa yara masu wannan shekarun ban haƙuri na gaskiya? Kuma ni ma na yi kuskure ne?

Malamar aji, Jos

Wa'alaikumus salam, Malama. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da ya tsaya mini a rai shi ne inda kika ce kalmar ta ƙi fita sai hawaye. Na san ke ma nan ne yake hana ki barci, in ba haka ba da ba ki zauna kin rubuto ba. Ki sani ɓacin ranki a kan hanya yake. Malamai da yawa da sun ce "ku yi mana shiru" sun juya sun ci gaba da rubutu a allo. Ke kin tsaya wa yarinya mai rauni, Allah ya saka miki da alheri. Amma tunda gaskiya kika nema, ga ta: abin da kika nema daga yaran nan biyu a ranar, babu ɗayansu da zai iya ba ki shi a gaban aji.

Mu fara da kalmar kanta. Ki lura da yadda muke jefa "yi haƙuri". Ita muke gaya wa wanda aka yi wa rasuwa. Ita mai shago yake gaya miki in ba shi da canji. Ita mai keke yake cillo miki bayan ya watsa miki ruwan kwata a kasuwar Taminus, ko waiwayowa bai yi ba. In kika dubi ginin maganar, umarni ce: ana gaya wa wanda aka cuta aikin da zai yi, shi kuwa mai cutar babu shi a ciki sam. Da yaron ya ƙara da "in kin ji haushi", sai ya tattara laifin ya ɗora mata, wato ita ce mai saurin fushi. A bakin manya ya ji wannan salon, ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Alhali Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Muna da "na yi laifi", "na cuce ki", "na tuba", "ba zan ƙara ba". Duk mai faɗarsu da kansa yake farawa. Shi ya sa suke da nauyi a baki, shi ya sa kuma ake gudunsu a fake bayan "sori".

Shi yaron, ki dube shi da idon shekarunsa. Ɗan shekara 13 babu abin da yake tsoro kamar idon sa'o'insa, gani yake kowa shi yake kallo. Wannan kuma da kika ce shi ne mai ba aji dariya, dariyar nan ce jarinsa, da ita yake da matsayi. Lokacin da gwiwarsa ta taɓa siminti, ba yarinyar ce a ransa ba. Lissafinsa ɗaya ne: yaya zan tashi daga nan ba a mayar da ni abin tsokana a lokacin tara ba? Murmushin da ya ƙona miki rai garkuwa ce ya ɗaga. Masana sun nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda yake auna abin da zai biyo baya kuma yake taka wa mutum birki, ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Ba wanke shi nake yi ba. Kwaikwayon cikin aji a iya cewa suɓutar baki ce, amma ya koma gida, ya ari waya, ya naɗa, ya tura. Wannan da niyya aka yi shi, kuma dole ya ɗauki nauyinsa. Abin da nake so ki riƙe shi ne kunya daban, nadama daban. Wanda aka kunyata kansa yake karewa, wanda ya yi nadama kuwa wanda ya cuta yake kallo. Durƙuson gaban aji kunya ya haifar. Ita kuma kalmar "marar tarbiyya", ke ma kin sani, a wurinmu ba yaro take zagi ba, gidansu take zagi. Daga nan zafin uban ya taso.

Ita kuwa yarinyar, a lissafina sau uku aka tsayar da ita a bainar jama'a: ranar karatun, a cikin wayoyin 'yan ajin, da ranar ban haƙurin. Na ukun ya fi ciwo, domin daga hannun wadda ta zo ceto ya fito. An ce ta furta kalma nan take, idanun aji duka a kanta, alhali furta kalma a gaban mutane shi ne ainihin inda mikinta yake. Kuma abin da aka nema a wurinta ba ƙarami ba ne. Yafiya haƙƙinta ce, ba a karɓarta da ƙarfi. Mun saba gaggauta wanda aka cuta: "ai ya ba ki haƙuri", "Allah ma muna yi masa laifi ya yafe mana". Gaskiya ne, amma in aka faɗe su da wuri sai su zama murfin da aka kife a kan tukunya tana tafasa. Ki tuna a suratu Yusuf, lokacin da 'ya'yan Annabi Yaƙub suka amsa laifinsu suka roƙe shi ya nema musu gafara, cewa ya yi da sannu zai nema musu. Wahshi kuma, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, da ya musulunta Manzon Allah (SAW) ya karɓe shi, amma ya tambaye shi ko zai iya nisanta fuskarsa daga gare shi, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. In zuciya mafi tsarki ta nemi tazara, ba mu da hurumin hana 'yar shekara 12.

To me ake koyarwa ke nan, tunda ba a tilasta nadama, ba a kuma tilasta yafiya? Malamanmu sun riga sun shimfiɗa shi. Imam Nawawi, a babin tuba na Riyadus Salihin, ya ce sharuɗɗan tuba uku ne: mutum ya daina, ya yi nadama, ya ƙudura ba zai koma ba. In kuma laifin ya shafi haƙƙin wani, sai na huɗu ya shigo, ya sauke wannan haƙƙin. Binciken zamani ma nan ya biyo. A 2016 Farfesa Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka da abokan aikinsa sun gwada salon ban haƙuri iri-iri a kan mutum 755. Abin da ya fi tasiri shi ne mutum ya amsa cewa laifinsa ne, sai kuma ya yi tayin gyara ɓarnar. Roƙon a yafe masa shi ya zo ƙarshe. Mu kuwa da na ƙarshen muke farawa, a kansa kuma muke tsayawa. An yi wani gwajin a Jami'ar Bajiniya da yara 'yan shekara 6 da 7: yaro yana jera kofuna yana gina hasumiya, sai babba ya rushe masa kamar bisa kuskure. Waɗanda aka ba haƙuri da baki kawai sun yarda a ci gaba da hulɗa, amma ransu bai yi sanyi ba. Waɗanda aka taya sake ginin su ne ransu ya yi daɗi. Nadama a zuciya take, hannunki ba ya kaiwa can. Amma kiran laifi da sunansa, da dainawa, da gyara, ana koyar da su kamar yadda ake koyar da alwala, gaɓa bayan gaɓa, kuma sau da yawa a cikin yin su ne nadamar take tsirowa.

Inda zan ce ki fara zai yi miki nauyi, Malama: ki fara da kanki. Bari in gaya miki abin da ya same ni. Wata shekara kuɗin cefane suka ɓace mini a ɗaki, na ɗora wa ɗana, lokacin yana aji ɗaya. Na yi masa faɗa a gaban ƙannensa, ya rantse, na ce ya rufe mini baki. Bayan kwana biyu na ga kuɗin a ƙulle a gefen zanin da na cire ranar. Abin da na fara yi shi ne abin da iyayenmu suke yi: da dare na zuba masa tuwo na ƙara masa tsokar nama, na ce ya ci ya ƙoshi. Ya ci, bai ɗago ya kalle ni ba. Washegari da safe na kira shi, na kira ƙannensa tunda a gabansu na zarge shi, na ce, "Na ga kuɗin. Ba kai ka ɗauka ba. Na zarge ka ban bincika ba, na cuce ka." Muryata har rawa take. Bai ce uffan ba, ya sa gefen rigarsa ya share ido, ya ɗauki jaka ya tafi makaranta. Can gaba, ranar da ƙwallonsa ta fasa madubin motar maƙwabci, da ƙafarsa ya je ya buga wa mutumin ƙofa tun kafin labari ya iso ni.

An raine mu a kan cewa babba ba ya ba yaro haƙuri, wai raini zai shiga. Malaman sira sun kawo cewa ranar Badar Manzon Allah (SAW) yana daidaita sahu da kibiya a hannunsa, ya zunguri Sawadu bin Gaziyya a ciki. Sawadu ya ce an ji masa ciwo, yana so ya rama. Sai Annabi ya yaye cikinsa ya ce ya rama, shi kuwa ya rungume shi. Jagoran runduna ke nan a gaban rundunarsa, girmansa bai ragu da komai ba.

Saboda haka ki je gidan yarinyar bayan an tashi, kada ki kira ta ofis. Ki zauna da ita a gaban mahaifiyarta ki ce, "Ranar nan na tilasta miki magana a gaban aji ranki a ɓace. Ban kyauta miki ba. Ba sai kin ce komai ba." Daga nan ki yi shiru, kada ki cike wurin da nasiha. In ta saki jiki, ki tambaye ta ko tana son jin wani abu daga yaron, kuma ta wace hanya: a takarda, ko baki da baki da ƙawarta a gefe, ko ba yanzu ba. Duk wanda ta zaɓa shi za a yi. Uwar kuma kada ki cika ta da alkawari. Ki gaya mata matakan da za ki ɗauka, ki roƙe ta ta ba ki zuwa ƙarshen zangon nan, kuma ki riƙa kiranta duk mako ko babu labari.

Shi ma yaron yana bin ki bashi ɗaya. Ki keɓe da shi, ba a ɗakin malamai ba inda kowa zai tsoma baki, ki zauna gefensa maimakon ki tsaya a kansa. Ki ce, "Na kira ka marar tarbiyya a gaban aji. Ban kyauta ba, na janye." Ki tsaya nan, kada ki liƙa masa "amma kai ma". Yau ya ji da kunnensa yadda abin yake fita daga bakin babba. Bayan an ɗan numfasa sai ki buɗe nasa babin. Ki kunna masa muryar da ya naɗa, ku saurara ku biyu kawai. Abin da ya ba da dariya a cikin taro, in aka ji shi a ɗaki shiru babu mai tafi, wani ɗanɗano yake yi daban. Kada ki tambaye shi "me ya sa ka yi", amsar a shirye take: "wasa ne" ko "ban sani ba". Ki ce ya ba ki labarin abin da ya faru daki-daki. Mutum nawa suka ji? Da ta shigo aji washegari ta san kowa ya saurara, me yake ganin ta ji a ranta? An taɓa yi masa dariya a kan abin da ba shi ya yi wa kansa ba? Zai ce ba shi kaɗai ba ne, kowa ya yi dariya. Ki amsa masa cewa gaskiya ne, kuma za ki zo kansu, amma laifi tudu ne, yau nasa za a taka.

Sai ki ba shi takarda da biro da kwana ɗaya ko biyu. Sharaɗinki guda: babu "in", babu "amma". Abin da kike nema bai wuce irin wannan ba: "Na kwaikwayi maganarki a aji, na kuma naɗa na tura a guruf. Na sa an yi miki dariya a kan abin da ba laifinki ba ne. Laifina ne. Na goge, kuma ba zan ƙara ba." Kada ki rubuta masa, kada kuma ki gyara masa ya zama na manya. Gurguwar jimlarsa ta fi taki mai kyau amfani. Gyaran ɓarnar kuwa dole ya bi ta hanyar da ɓarnar ta bi. A guruf aka yi abin, a guruf zai faɗa da muryarsa cewa bai kyauta ba, kuma duk wanda ya ajiye ya goge. Nan gaba in wani ya sake kwaikwayonta, shi ne zai fara cewa a bari. Wannan ya fi durƙuso wuya nesa ba kusa ba, domin da jarinsa zai biya. Ki sanar da shi tun da wuri cewa tana iya ƙin amsa masa, kuma hakan bai ɓata aikinsa ba.

In ya turje fa? Zai iya. Kada ki ja da shi, kuma kada ki yi ciniki, wato ki ce in ya ba da haƙuri an ɗage hukunci. Ranar da yaro ya gane "sori" kuɗin fansa ce, ranar kika rasa shi. Hukuncin makaranta ya tafi da ƙafarsa: a raba masa wurin zama da 'yan tafinsa, a sanar da gida maganar wayar, a cire shi daga wani abin da yake ji da shi na ɗan lokaci. Ƙofar ban haƙuri kuma a bar ta a buɗe, ki leƙa bayan mako guda. Dukan da kika ce ba kya so, kin yi daidai, haka ma tsallen kwaɗo. Suna sa yaro ya ji ya biya bashinsa da jikinsa, yarinyar kuma ba ta samu komai ba.

Mahaifinsa ki neme shi da kanki, a gaban shugaban makaranta. Ki fara da janye kalmar da kika faɗa, za ki ga kafaɗarsa ta sauka. Sannan ki kunna masa muryar, domin ina kyautata zaton labarin durƙuso kaɗai aka kai masa. Ki tambaye shi cikin ladabi, "Alhaji, da 'yarka ce aka yi wa wannan, me za ka so makaranta ta yi?" Ki gaya masa abin kirkin da kika sani game da ɗansa, yaron da yake iya juya aji guda da bakinsa ba ƙaramar baiwa gare shi ba. In ya ƙi sauraro, ki bar shi, aikinki a cikin aji bai dogara da yardarsa ba. Shugaban makaranta kuma ki fahimce shi, tsoronsa kada iyaye su kwashe 'ya'yansu. Ki nuna masa cewa maganar da aka binne da ranta ita ce za ta sa uwa ta cire 'yarta, ta kuma gaya wa maƙwabta dalili.

Saura ajin. Waɗanda suka yi dariya da waɗanda suka tura gaba duk da hannunsu a ciki, amma kada ki sake ɗaga maganar yarinyar a gabansu sai da izininta. Ki ware minti goma a mako, lokacin da babu wanda ya yi laifi, domin ba a koyon iyo ranar ambaliya. Ki ƙirƙiro ƙaramin labari, wani ya ari littafi ya yaga, wata ta tona asirin ƙawarta. Ki rubuta ban haƙuri iri uku a allo, su zaɓi wanda zai sanyaya musu rai, su faɗi dalili. Za ki sha mamaki, yaran nan sun fi mu saurin gano na bogi. Ki sa kowa ya tambayo a gida yadda ake amsa laifi da harshensu, ajin Jos ba ya rasa Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Fulani da Yarbawa da Ibo. Ki gayyato malamin addinin Musulunci da na Kirista su zauna tare. Ɗaya ya kawo bambancin Annabi Adamu da ya ce "mun zalunci kanmu" da Iblis da ya ce "ni na fi shi". Ɗayan ya kawo Matiyu 5, inda aka ce in ka kawo baiko, wato hadaya ga Allah, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye ka je ku shirya tukuna, da labarin Zakka a Luka 19 wanda ya ce zai mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Ki koya musu amsawa ma, domin ita ce aka fi mantawa: "na ji, na gode", ko "na ji, amma ka ba ni lokaci". Hadisin da ya hana ƙaurace wa juna fiye da kwana uku sallama ya nema a yi, bai ce dole a koma cin abinci a kwano ɗaya ba.

Kada ki raina wannan minti goman. Garin nan ya ga rikicin 2001, ya ga na 2008, ya ga na 2010. Yaran ajinki ba su ga ko ɗaya da idonsu ba, amma sun taso sun tarar da unguwannin da aka raba, da manyan da kowa ya haddace abin da aka yi masa, ba kowa yake iya faɗin abin da nasa suka yi ba. Benci ɗaya da ɗan Unguwar Rogo da 'yar Tudun Wada suke zaune a kai, ba ko'ina ake samunsa ba yanzu, kuma a hannunki yake.

Ita kuwa yarinyar, ko yaron ya ba da haƙuri ko bai bayar ba, akwai aikin da yake naki ke kaɗai, shi ne dawo mata da muryarta. In'ina ba rashin ƙoƙari ba ce, ba kuma rashin ƙwaƙwalwa ba, kuma gaggawa da tsoro suna ƙara ta. Kada ki ƙarasa mata kalma, kada ki ce "yi a hankali" ko "ja numfashi", ki riƙe idonki a kanta da sakin fuska har ta kai ƙarshe. Ki riƙa gaya mata tun yau wurin da za a karanta gobe. Ki fara sa ta karatu tare da wata ƙawarta murya ɗaya, domin masu in'ina da yawa harshensu yana sakuwa in suna karatu tare da wani. Wata rana in kun keɓe, ki tuna mata cewa Annabi Musa, wanda Allah ya yi magana da shi, ya roƙi a warware masa ƙullin harshensa, kuma Fir'auna ya yi masa gori a kan maganarsa, bai hana a aike shi ba. Ranar da kuma ta ɗaga hannu da kanta, kada ki yi shela, kada ki ce a tafa mata. Ki kira sunanta kamar yadda kike kiran kowa, ki jira ta gama.